Taron ƙungiya a jirgin ruwa: kwana uku ko bakwai?

Ɗan Kargo:
Assalamu alaikum jama'a. Mu masu aika kaya Kano da Yamai daga nan Jidda muna so mu yi taron shekara a cikin jirgin ruwan Aroya ɗin nan da ya fara aiki a Disamba 2024, za mu kai mutum ashirin, wasu har da iyali. To gardama ta kaure kan kwanaki, matasa sun ce bakwai, dattawa sun ce uku ma ya yi yawa. Don Allah wanda ya san harkar ya ba mu shawara.

Abu Hafsa:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka ƙirga abin da aka rubuta a tikiti. Ranar shiga ta tafi wajen layin fasfo da neman ɗaki, ranar dawowa da safe za a sauke ku, kenan in an ce dare uku kwana biyu ne rak a hannunku, kuma duk ranar da jirgi ya tsaya a gaɓa wallahi ba ka kama kowa a ɗakin taro, duk an fita ɗaukar hoto. Ku duba jadawalin ku zaɓi wanda jirgi zai wuni cur a tsakiyar teku, ranan nan ku yi zamanku, ba mai ce maka bari in je in dawo.

Hajiya Mai Abaya:
Bakwai?? Wa zai bar shago sati guda ana tsakar Umra, alhazai na neman mai ɗaure musu kaya? Ku nemi gajere wanda ya haɗa da Juma'a da Asabar. Sannan ku tafi da maganin jiri, wani dattijon kwale-kwale ma bai taɓa hawa ba.

Bakano a Makka:
Hajiya ta yi gaskiya amma ni takardu nake ji muku. Doguwar tafiyar takan leƙa Aƙaba ta Jodan ko Sharm ta Masar, fita daga Saudiyya ke nan, duk mai iƙama (takardar izinin zama) sai ya samu khuruj wa auda, wato izinin fita da dawowa, ga masu jiran kafili (wanda iƙamarsu ke ƙarƙashinsa) ya danna musu a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ga maganar biza tunda fasfonku ba iri ɗaya ba ne, wani na Najeriya wani na Nijar. Ko gajeren ma ku tambayi kamfanin a rubuce kafin kowa ya biya riyal ɗaya.

Ɗan Kargo:
Allah ya saka da alheri, zan kai musu maganar dare uku. Malam Abu Hafsa intanet fa, yana cikin kuɗin tikiti ko daban ake saya? Kwastomomi ba sa barin wayata ta huta.