"An kashe maciji ba a sare kansa ba": ya dace da Jamus ta 1919?

Mai Alli: Salamu alaikum. Na ga an ɗora wannan karin maganar a kan Jamhuriyar Weimar, wadda Jamusawa suka kafa bayan sun sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Malamai, ya zauna daidai kuwa?

Ɗan Tsangaya: Wa alaikumus salam. Ni dai ban yarda ba. Ana faɗinsa ne idan abokin gaba ya yi kwanton ɓauna, ana zaton ya mutu, ya tashi ya yi sara. A nan kuwa kan aka sare. Ran 9 ga Nuwamba 1918 aka sanar da murabus ɗin Sarki Wilhelm na Biyu, ɗan siyasa Scheidemann ya yi shelar jamhuriya a Berlin, sarkin ya tsere Holan, can ya mutu a 1941. Sarauta ba ta dawo ba.

Goggon Tarihi: Malam, ka ɗauki "kai" a matsayin shugaba. Bahaushe bai ce a sare kan maciji don shi ne sarkin jiki ba, sai don nan dafin yake. Dafin Jamus kuwa yana cikin bariki da kotu. Washegari, 10 ga Nuwamba, Ebert, sabon shugaban gwamnati wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya yi magana ta waya da Janar Groener na hedikwatar soja: soja za su mara wa gwamnati baya, ita kuma ta bar hafsoshi da ikonsu. Alƙalan sarki ma ba wanda ya taɓa su. Duba abin da ya biyo baya. A Maris 1920 wani ɗan siyasa mai adawa da jamhuriya, Kapp, ya ƙwace Berlin da goyon bayan wasu sojoji, soja suka ƙi harbin 'yan'uwansu, sai yajin aikin ma'aikata ne ya kore shi cikin kwana huɗu. Hitler ya gwada nasa juyin mulkin a 1923, aka yanke masa shekara 5, bai cika ko guda ba ya fito.

Na Bakin Kasuwa: Goggo, a yi wa Ebert adalci. Sojoji miliyoyi na dawowa gida, ga yunwa, ga 'yan gurguzu da bindiga a titi. Da wa zai yi aiki? Shi a ganinsa da tsohuwar zuma ake magani.

Goggon Tarihi: Ɗana, zuma ba ta cizon mai ita. Wannan ba wa kura ajiyar nama ne.

Ɗan Tsangaya: To na sassauto, amma ga wanda ya fi dacewa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Janar Ludendorff, ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙin, shi ne da kansa ya nemi a tsagaita wuta a ƙarshen Satumba 1918, amma farar hula, Erzberger, aka tura ya sa hannu ran 11 ga Nuwamba. Farar hula ne kuma suka sa hannu a yarjejeniyar ƙarshen yaƙi ta Versailles ran 28 ga Yuni 1919: soja kada su wuce 100,000, Kamaru da Togo da Jamus ke mulka sun tafi, ga diyyar yaƙi. Sai Hindenburg, babban kwamandan soja a lokacin yaƙin, ya zo gaban kwamitin majalisa ya ce 'yan gida ne suka soki sojojinsa da wuƙa ta baya. Aka harbe Erzberger a 1921, aka zaɓi Hindenburg shugaban ƙasa a 1925.

Mai Alli: Kundin tsarin mulkin fa? Ba shi da laifi?

Goggon Tarihi: Yana da kyansa. Tun zaɓen 19 ga Janairu 1919 mata suka jefa ƙuri'a, daga shekara 20. Matsalar a haɗuwar sassa uku take: shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban gwamnati, sashe na 25 ya ba shi damar rusa majalisa, na 48 kuma ya yi doka da kansa idan ya ce akwai ta-ɓaci. Majalisa na iya soke dokar, shi kuma ya rusa ta. Haka aka yi a Yuli 1930.

Ɗan Tsangaya: Amma Ebert ma ya yi amfani da sashe na 48 fiye da sau ɗari, jamhuriya ba ta faɗi ba. Goggo, wannan a kan maciji za ki sa shi ko a wutsiya?