Amfilifaya na yankewa, ga kuma gurnani: masana, ina mafita?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Kafin komai, jinjina ga masanan da ke ɓata lokacinsu suna wayar mana da kai kan harkar sauti ba da ko sisi ba, Allah ya saka da alheri. Ga tambayata. Amfilifaya ce mai wat 50 kowane ɓangare, hagu da dama, a ohm 8 (ohm shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), an jona mata sifika huɗu masu ohm 6, biyu a mahaɗar sifika ta A, biyu a ta B. Da an ɗaga murya sai ta ɗau zafi ta yanke. Sannan akwai gurnani ƙasa-ƙasa muddin talabijin na jone. Wasu sun ce a sayi babbar amfilifaya, wasu sun ce a sake waya mai tsada. Maganar wa zan ɗauka?

Mai Ƙira:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. A yawancin amfilifaya, idan ka kunna A da B tare, sifikun kowane ɓangare na haɗuwa ne kai da kai, ja da ja, baƙi da baƙi. Biyu masu ohm 6 a irin wannan haɗi sun koma ohm 3 ke nan. Wat 50 a ohm 8 na nufin bolt 20 da amfiya 2.5 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). Ka ɗora ohm 3 a kan wannan bolt 20 ɗin, sai buƙatar ta haura amfiya 6 da rabi. Zafin daga nan yake. Yankewar kuwa ba lalacewa ba ce, na'urar kariya ce ke ceton taransistocin.

Leƙa bayanta, kusa da inda wayoyin sifika ke shiga. Galibi za ka ga an rubuta mafi ƙarancin ohm na A ko B, da kuma na A da B tare, wanda ya fi yawa. Kashe B, ka saurara minti talatin da muryar da ka saba. In ba ta yanke ba, an gama. In ta yanke, cire fulogi ka duba bakin wayoyin, domin silin tagulla ɗaya tak da ya taɓa maƙwabcinsa ya isa. Ka kuma bar mata sarari kamar santimita 10 a sama, kada a ɗora dikoda a kan ramukan iska.

Injiniya Shiru:
Malam Mai Ƙira ya gama da zafi, bari in taɓa gurnanin. Cire duk wayoyin da ke shigar da sauti, ka bar sifika kawai. In gurnanin ya tafi, amfilifaya lafiyarta ƙalau. Ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Sau da yawa wayar eriya ko ta dish ce, saboda at ɗinta, wato haɗin tsaro da ke kai wuta ƙasa, daban da na soket, sai 'yar wuta ta riƙa zagaye ta cikin rigar ƙarfen wayar sautin, ka ji ta a 50 ko 60 Hz (kaɗawa a daƙiƙa), gwargwadon wutar ƙasarku.

Magani: a jona duka kayan a soket ɗaya mai baki da yawa. In bai ji ba, a sa ɗan abin raba at a wayar eriyar, ko a ɗauko sautin talabijin ta wayar haske idan amfilifayar na karɓa, tunda ita ba ƙarfe a cikinta. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar at ta fulogi. Gurnanin zai iya ɗaukewa, amma ran da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, mutum ne zai zama hanyarta.

Hajiyar Sauti:
Batun babbar amfilifaya, ƙanena: daga wat 50 zuwa 100 desibel 3 kacal na ƙarfin sauti za ka ƙaru, kunne zai ji bambanci amma ba ninki ba. Sai dai ban yarda a raina ƙarancin ƙarfi gaba ɗaya ba. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa har sauti ya fara tsagewa tana ƙona tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, don haka da ka ji kaushi, rage.

Waya kuma, tagulla zalla mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ta wadatar har mita 10. Ka dai guji alminiyon da aka yi wa rufin tagulla: kankare bakinta, in ka ga fari a ciki, ita ce.

Maganar wa za ka ɗauka? Duba yadda waɗannan malamai biyu suka yi. Sun kawo lissafin da kai ma za ka iya bi, suka ba ka gwajin da ba ya cin kuɗi, kuma babu wanda ya ambaci sunan kamfani. Wanda ya ce "sayi kaza" bai ko tambayi ohm nawa ba, a gaishe shi kawai.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To idan dole sai huɗun sun yi aiki tare fa?

Mai Ƙira:
Sai ka yi musu haɗin sarƙa a A kaɗai, biyu a kowane ɓangare: ja na amfilifaya zuwa ja na sifika ta farko, baƙinta zuwa ja na ta biyu, baƙin ta biyu ya koma amfilifaya. Ohm 12 ke nan, murya za ta ɗan ragu amma ba zafi. Sharaɗi, sifikun su zama iri ɗaya, in ba haka ba kowace za ta ɓata wa 'yar'uwarta sauti.