In Bar Hoton Biki In Koma Ɗaukar Duwatsu?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna a Zariya, da shi nake riƙe gida. Amma raina yana kan hoton baƙi da fari na duwatsu da daji. Ran Lahadi da asuba na je Kufena, hazo ya lulluɓe gindin dutsen, kansa kaɗai ke leƙowa. Da na nuna wa Hajiyarmu hoton sai ta ce, "Kalar ce ta ƙare maka?" Ina so in ajiye biki in rungumi wannan gaba ɗaya. Me kuka gani?

Wani dattijo mai hoto daga Jos:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Ansel Adams, Ba'amurken da duwatsun Yosemite suka fito da sunansa, ya daɗe yana yi wa kamfanoni da mujallu hoton talla, yana kuma koyarwa, don tukunya ta hau wuta. An haife shi 1902, amma sai a shekarun 1970 hotunan nasa suka fara kawo kuɗi masu kauri. Lissafa da kanka. Bar amare su saya maka fetur ɗin zuwa dutse.

Wata 'yar'uwa:
Yaya, tambayata ɗaya: wa zai saya? Yabon Instagram ba ya biyan haya. Ka wanke guda biyar manya, ka sa musu firam mai kyau, ka zagaya otal-otal da ofisoshi a Kaduna da Abuja. Abin da suka ce maka, shi ne amsarka.

Wani ɗan'uwa:
Malam, ka riƙa ɗauka da kala a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta taɓa gyarawa ba, ka mayar baƙi da fari a kwamfuta, ta haka za ka iya duhunta sama yadda kake so. Shi Adams jan gilashi ya sa a bakin kyamara a 1927, sama ta yi baƙi ƙirin a bayan dutsen Half Dome da ke Yosemite. Kuma ka jira damina, hadari ya fi hazo armashi nesa ba kusa ba. Sannan don Allah kada ka shiga daji kai kaɗai, ka fara gaida mai unguwa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji. Asabar ina da ɗaurin aure biyu, da kuɗin zan wanke guda biyar ɗin. Na farko ɗakin Hajiya zan rataye shi.