Maganin kar a yi, kar a fara: rigakafi ne ko tsoro?

Abban Sadik: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya aka yi sa-in-sa tsakanin Baffa da ƙanina. Yaron yana so su haɗa jari da abokinsa su riƙa saro hatsi a Dawanau, Baffa ya ce masa maganin kar a yi, kar a fara. Shi kuma ya ce ai matsoraci ba ya zama gwani. Abin ya dame ni. Wai maganar Baffa ɗaya take da rigakafi ya fi magani, ko kowacce da muhallinta?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne. Mai rigakafi zai yi abin, shiri kawai yake yi. Kar a fara kuwa ana faɗarta a kan abin da tushensa ba alheri, irin caca da shaye-shaye. Sai dai in Baffa ya san wani abu game da abokin nan da bai faɗa ba.

Bazazzagi: Ni fa rigakafi ya fi magani a bangon asibiti da rediyo na san ta, kuma Turawa na da irinta sak. Tamu ta gado ita ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Dala: To fa! Yau Bazazzagi ne zai tantance mana Hausa? Ku da sai hadari ya haɗo kuke cigiyar mai yaɓe. 😂

Bazazzagi: Bakano, je ka ƙirga ribarka, manya na magana.

Malam na Tudu: Ku bar raha. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah, bai ce ya fasa tafiya ba. Amma Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kowacce da asalinta.

'Yar Maraɗi: Malam ka tuna mini da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Tana da rumbun tsimi a bayan ɗakinta, gero dami-dami ba a sussuke ba, kowace kaka sai ta ƙara. 'Ya'yanta maza sun yi juyin duniya ta buɗe a sayar lokacin auren autanta, ta ce sai dai a rage buki. Har kishiya ta sa mata suna Mai Rowa. Sai ga farin 1973. Shanu suka faɗi, maza suka watse Kano da Legas cin rani. Daga rumbun nan gidan ya rayu, kuma kishiyar ce ke riƙe ƙwarya ana auna mata. Mahaifiyata ta ce kullum da asuba Inna ke hawa da kanta, ta ɗebo na yini ɗaya tak, ta liƙe bakin.

Amma ku ji sauran. Shekaru kafin nan, da masu lamba suka shigo garin saboda agana, a cikin wannan rumbun ta ɓoye 'ya'yanta mata biyu. Ta ce ba a tsaga mata yara suna lafiya lau. Ɗaya ta kamu, ta tashi, amma da zanen a fuska ta tsufa. Inna ba ta taɓa yarda a yi zancen a gabanta ba. A ganinta duka biyun kare gida take yi. To wanne ne rigakafi, wanne ne kar a fara?

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya gafarta mata. Tsoron nan ai mun gan shi a Kano a 2003, da aka dakatar da ɗigon shan inna kusan shekara guda.

Malam na Tudu: Amin. Barin hatsi a zangarniyarsa kuwa shawarar Annabi Yusuf ce ga mutanen Masar.

Ɗan Yerwa: Da Inna aka ba wa madatsar Alau da ba mu kwana a kan titi ba. Ta cinye Maiduguri a 1994, aka yi shekara 30 ana kallonta, ta sake ɓallewa a Satumbar 2024. Sannan manya suka zo jaje da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto.

Ɗan Dala: Su ai rigakafinsu na zaɓe ne. Saura wata shida za ka ga taliya da atamfa.

Bazazzagi: Namu ya gina kwalbati ɗaya, an yi bikin buɗe ta sau biyu.

Shugaban zaure: Jama'a, ban da siyasa don Allah.

Manomin Gezawa: Hajiya 'Yar Maraɗi, ni abin da nake son sani, yaya take hana gara da ɓera? Nawa geron ko wata biyar ba ya kaiwa a buhu.

'Yar Maraɗi: A kan duwatsu aka ɗora rumbun, ba ya taɓa ƙasa, kuma tana zuba toka. Sauran sai na tambayi Gwaggo in na kira ta ranar Juma'a.