glm a R: standard error ya haura dubu, ina matsalar take?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum. Ina aikin digiri na biyu kan abin da ke sa mata haihuwa a asibiti ko a gida, ina amfani da logistic regression (hanyar hasashen sakamako mai fuska biyu), da umarnin glm a manhajar ƙididdiga ta R. Komai ya fito daidai sai layin matan da suka yi karatun gaba da sakandare: coefficient ya kusa 17, standard error ya haura dubu, p kuma 0.99. Hankalina bai kwanta ba, don su ne na fi tsammanin za su nuna bambanci. Na ɗaga maxit, wato iyakar zagayen lissafin da R zai yi, daga 25 zuwa 100, ko gezau. Don Allah a taimaka, malamina na jiran babi na huɗu.

Malam_Bashari: Wa alaikumus salam. Kafin komai, buga table(karatu, haihuwa) ki duba. Ina kyautata zaton babu ko mace ɗaya a rukunin nan da ta haihu a gida. Idan haka ne, likelihood ɗin, wato ma'aunin dacewa da bayanai da R ke neman ƙololuwarsa, ba shi da ƙololuwa: duk yadda coefficient ya ƙaru, shi ma sai ya ɗan ƙaru, har abada. R ya tsaya ne kawai saboda canjin deviance (ma'aunin rashin dacewa) ya gaza epsilon, iyakar da ke sa shi tsayawa, wato 1e-8. Mayar da shi 1e-14, za ki ga 17 ɗin nan ta ƙara kumbura. Shi ya sa maxit bai yi miki komai ba.

Maman_Ilham: Wallahi haka ne, Malam, sifili ne a gurbin. To in cire rukunin?

Malam_Bashari: A'a, kada ki cire, ai shi ne sakamakonki mafi ƙarfi. Wannan p ɗin na gwajin Wald ne, kuma ba a dogara da shi a irin wannan hali. Don samun p da za a dogara da shi, yi amfani da umarnin drop1 da test = "Chisq". Don samun coefficient mai ma'ana kuwa, ki ɗauki hanyar da Firth ya fitar a 1993, tana cikin packages na R masu suna logistf da brglm2.

Dakta_Hadiza: Na yarda da Firth, amma ƙanwata, mata nawa ne a rukunin? In ba su fi goma ba, ni haɗe su zan yi da 'yan sakandare, in faɗi dalili a babi na uku. Mu masu Stata, wata manhajar ƙididdiga, cire rukunin yake yi da kansa ya rubuta "predicts success perfectly", ɗalibai da yawa ba sa ma lura adadin matan ya ragu.