Wai za a tsallakar da Ummi aji, ku ba ni shawara

Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yau hedimasta ya kira ni wai idan an dawo hutu suna so su ɗauke Ummi daga aji uku su kai ta aji biyar, wai ta fi ƙarfin ajinsu, kafin malama ta gama rubutu a allo ita ta gama amsawa. Shekararta 7 fa. Babanta har ya amince, ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Kawu: Masha Allah, Allah ya ƙara basira. Jinin gidanmu ce ai.

Auta: Kawu a faɗi gaskiya, ƙwaƙwalwar nan ta wajen uwa aka ɗauko ta 😂

Yaya Babba: Amarya ki saurare ni da kyau, don ni na ga wannan abu a kan Abba. Haka aka kira ni ana ta yabo, aka tsallakar da shi aji huɗu ina ta murna har sadaka na yi. Ashe makarantar ba su da aji shida ma, daga biyar sai kwaman entirans, kin ga shekara biyu ke nan suka tafi. Ya shiga JSS1 yana ɗan 9, a bodin kuma. Ranar ziyara ta farko na same shi a bayan hostel rungume da bokiti ya kasa ɗaga shi, wandon yunifom an naɗe masa ƙafa sau uku, manya sun mayar da shi ɗan aike saboda shi ne ƙarami a duk ajin, ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Karatun ma da ake taƙama da shi sai lissafi ya fara ba shi wahala, malamin lesin ne ya gano cewa wannan lissafin na sama da ƙasa, su rabi da kwata, da doguwar rabawa, duk a ajin da ya tsallake ake kafa su, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya ya koma na ashirin da wani abu ya daina magana a gida. Ya dai farfaɗo daga baya, ya gama SS3 yana 14 da watanni, WAEC ta yi kyau, sai ga maganar sai ka cika 16 kafin jami'a ta ɗauke ka. Zaman gida ya yi yana kallon waya ina kallonsa, har waɗanda ya tsallake suka zo suka iske shi. To ina saurin ya kai mu?

Uwargida: Allah sarki Abba. Amma Yaya ba a haɗa kowa da kowa, kuma a wannan tsadar ragin kuɗin makarantar shekara guda ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya Babba: Kuɗin lesin da na biya ya ninka abin da na rage, ki tambayi mijinki shi ya ranta min.

Uwargida: To ni ban ce a tono bashi a nan ba.

Kawu: Ku bari mana. Ni dai na san wasu makarantun kuɗi talla suke yi da yaran, a ce ai ɗan wane ya gama firamare yana 8.

Anti Malama: Amarya yi lissafi da yatsunki, aji biyar tana 8, in su ma ba su da aji shida JSS1 tana 9, kin ga ta gama kafin ta cika 16. A 2024 ma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, cewa ya yi sai an cika 18 za a shiga jami'a, da Tunji Alausa ya gaje shi aka tsaya a 16. JAMB ta buɗe ƙofa ga ƙanana masu hazaƙa a 2025 amma sai wanda ya ci 320 cikin 400, sannan a sake tantance shi. Ni abin da nake yi a ajina, yarinya irin Ummi ina barinta da sa'o'inta in ba ta aikin da ya fi na kowa tauri. In kuma dole sai an tsallake, ki karɓo takardun jarabawar aji huɗu na zango uku daga wata makarantar daban ki zaunar da ita ta yi a gabanki, kuma ki sa su faɗa miki wa zai koya mata abin da za ta rasa.

Auta: Ba akwai makarantar masu hazaƙa ta tarayya a Suleja ba? Jigawa ma suna da tasu a Bamaina.

Kawu: Ko makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, tun 1977 take fitar da likitoci.

Anti Malama: Kawu, ta Dawakin Tofa ta maza ce, kuma sai an gama JSS3. Duk waɗannan na sakandare ne, yarinya ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba.

Uwargida: Ni da za a ji tawa, ƙarfin nan a juya shi wajen hadda, yanzu ne kanta yake ɗauka.

Yaya Babba: Wannan kam na yarda da ke.

Auta: Af, tunda an shirya, wa ke da ankon bikin Asabar? Tela ya ce gobe zai rufe karɓa.

Uwargida: Yana wajena, turo yaro bayan la'asar.

Amarya: Anti Malama in na samo takardun gobe za ki duba min amsoshin? Kuma dan Allah Kawu kai za ka yi wa babanta magana, ni in na faɗa cewa zai yi ina tauye ta.

Kawu: Ki ce ya same ni a masallaci bayan isha.