Ƙiba na dawowa bayan aikin rage tumbi, in sha ƙwayar?

'Yar uwa (a sakaya suna):
Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shekara huɗu ke nan da aka yi min aikin rage tumbi a Alƙahira, irin wanda ake yanke mafi yawansa a bar ɗan siriri. Kafin aikin kilo 128 nake, na sauko har 84, sugana ya daidaita, gwiwoyina suka daina ciwo. To tun bara abin ya juya. Yanzu ina 99 kuma hawa yake yi. Yunwar da na manta da ita ta dawo, musamman bayan isha'i. Wata ƙawata ta kawo min ƙwaya mai suna Duromine, ta ce ita ce ta rage mata, wata kuma tana tallar allurar Ozempic. Shekarata 37, ina shan maganin hawan jini, kuma maigida yana so mu ƙara haihuwa. Likitan da ya yi min aikin na rubuta masa, shiru. Dangin miji har yau ba su gama maganar kuɗin da aka kashe ba, kunya duk ta ishe ni. In sha, ko aikin ne ya lalace?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Ni a Indiya aka yi min, nawa ma har da karkatar da hanji. Tun a can suka gaya mana saukar takan tsaya wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan da yawa sukan ƙara wani abu. Ki duba lissafinki: kilo 44 kika zubar, 15 suka dawo. Har yanzu kina kan riba. Dangin miji kuwa ko kin koma tsinke sai sun samu abin faɗa.

Hajiya Balaraba:
Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Ki riƙe azumin Litinin da Alhamis, ki sha ruwan ɗumi da lemun tsami da safe. Akwai kuma wani shayin rage teɓa da ake kawowa daga waje, sati biyu za ki ga aiki.

Anti Famasis:
Hajiya ki yi haƙuri, a kan shayin nan ba zan yi shiru ba. Duk shayin da zai zubar da kiloli cikin sati biyu, ko dai mai sa gudawa da fitsari ne, ruwa kawai yake kwashewa, ko kuma an zuba masa magani a ɓoye. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan da sinadarin sibutramine a ciki, wanda aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai hawan jini ba ruwanta da shi.

Mu dawo kanki 'yar uwa. Duromine sunan kasuwa ne, ainihin maganin phentermine ne. Tsohon magani ne, tun 1959 aka amince da shi a Amurka, kuma yana kashe yunwa da gaske. Amma dangin magungunan zaburar da jiki ne: yana ƙara gudun zuciya, yana iya ɗaga jini, yana hana barci, baki ya bushe. An tsara shi don ɗan lokaci, kamar wata uku, da takardar likita, ana auna jini akai-akai. Da hawan jininki, ki mayar wa ƙawarki kayanta. Wani lokaci ana haɗa shi da wani magani mai suna topiramate, shi kuma idan ciki ya shiga ana shansa yana iya sa a haifi yaro da tsagaggen leɓe.

Akwai orlistat, wanda ke hana hanji tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci. Man kuwa ta bayan gida yake fita, wani lokacin ba sallama, ga ki mai son zama da alwala. Yana kuma rage bitamin A, D, E da K, alhali wanda aka yi wa aikin tumbi dama yana fama da ƙarancin bitamin.

Waɗanda likitocin ƙiba suka fi karkata gare su yanzu allurai ne: liraglutide kullum, semaglutide da tirzepatide sau ɗaya a sati. Ozempic ɗin semaglutide ne da aka yi don masu suga, na ƙiba sunansa Wegovy, ya fito 2021. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2023, kan mutanen da aikin bai rage musu yadda ake so ba, masu liraglutide sun zubar da kusan kashi 9 cikin 100 na nauyinsu a wata shida, waɗanda aka ba allurar da ba magani a ciki kuwa kusan ba su motsa ba. Yana aiki ke nan. Sai dai ki san tsada gare shi, kuma idan aka daina, mafi yawan kilolin dawowa suke. Ga jabu: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na bogi, a Turai ma an samu waɗanda insulin ne a ciki, mutane suka kwanta asibiti. Kuma firij yake so. Wanda ya kwana a motar haya cikin zafin Afrilu, ko na gaske ne ban yarda da shi ba.

Ummu Sudais:
Kafin a kai ga magani ina da tambaya: me kike sha? Ba ci ba, sha. Aikin nan tuwo da nama yake takurawa, amma kunun aya, zoɓo mai sukari, fura da nono, shayi mai kauri da lemon kwalba wucewa suke yi salin alin. Haka cincin, biskit da dubulan, suna narkewa ba su cika ciki. Yayata ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta na sati guda, da kanta ta gano inda ɓarakar take. Ki fara da ƙwai, kifi, wake ko kaza a kowane zama, ki bar ruwa sai bayan minti talatin da gama ci.

Likitar Mata:
Na yarda da Anti Famasis. Shan maganin rage ƙiba bayan aiki ba abin kunya ba ne, ƙiba ciwo ne mai dawowa kamar yadda hawan jini yake, kuma ana haɗa aiki da magani. Amma sai an san dalilin dawowar. Wani lokaci ragowar tumbin ne ya buɗe, ana gane wannan da hoton da ake shan farin ruwa ko da na'urar leƙa ciki. Wani lokaci sinadarin yunwa ne ya farfaɗo, kamar yadda bayaninki ya nuna. Wani lokaci kuma wani magani ne daban. A duba miki suga (awon da ke nuna yadda yake a wata ukun da suka wuce), maƙoƙo, yawan jini, bitamin B12 da D. Ba sai kin koma Masar ba. Asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika suna da likitocin suga da sinadaran jiki, da masu tsara abinci. Ki tafi da takardar sallamar da aka ba ki bayan aikin.

Maganar haihuwa ita ce babba a wajena. Babu ɗaya cikin magungunan nan da ake sha da ciki, semaglutide ma sai an daina shi wata biyu kafin a nemi ciki. Ke da maigida ku zauna ku zaɓi wanda za a fara. Wane magani kike sha ban da na hawan jini?

'Yar uwa (a sakaya suna):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, allurar tsarin iyali ta wata uku nake yi, kuma bayan na fara ta ne nauyin ya soma hawa. Ummu Sudais, kunun aya kam kullum akwai shi a firij ɗina.

Likitar Mata:
To ga abu biyu a hannu. Allurar wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi, sananne ne. Kada dai ki daina haka kawai. Ki je sashen tsarin iyali ki ce a duba miki wata hanyar, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadarin da ke taɓa nauyi. Ki sani kuma bayan an bar allurar, ciki kan ɗauki watanni kafin ya shiga, wasu har kusan shekara. A wannan tsakanin ki samu na'urar awon jini a gida, ki riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma, ki kai wa likitan ranar ganinku.